Amsa ga Kawu Kan Itatuwan Ƙasar da Muke Zaune

Assalamu alaikum, Kawu. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali da sauran mutanen ƙauye har zuwa 'yan'uwa na cikin garin Ringim, na samu saƙonku inda kuka tambaya yadda mu Hausawan da muka daɗe a jihar Ohayo ta Amurka muke gane itatuwan wannan ƙasa, da kuma ko akwai wanda zai yi turmi ko allo kamar ƙirya da aduwa.

Abin da ya fara ɗaure mana kai shi ne hunturu. A gida gawo yana zubar da ganye da damina, kuka kuma da rani, amma ko yaro ya hango su daga nesa ya san su. A nan kuwa daga watan Nuwamba har zuwa Afrilu kusan duk manyan itatuwa suna tsayawa tsirara lokaci guda, wanda ya dogara da ganye kaɗai sai ya zama baƙo wata biyar a kowace shekara. Saboda haka muka koyi duba idon toho a jikin tsinken reshe. Idan idanun suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, to ɗaya ne daga cikin itatuwan da ake kira da Turanci mafal ko ash ko bakai. Idan kuwa ɗaya yana nan ɗaya yana can sama a ɗaya gefen, sai mu nemi ok ko hikori ko walnat ko bic.

Itacen ok shi ne babbansu, kuma a gidajenmu "mai hula" muke ce masa, domin ƙwallonsa yana sanye da 'yar kwasfa kamar hula. Idanun tohonsa suna taruwa gungu a ƙarshen tsinke. Iri biyu muka fi sani. Farin yana da ganye mai yatsu masu kan da'ira, ɓawonsa toka-toka ne mai saɓa, ƙwallonsa kuma yana nuna a shekara guda. Jan kuwa yatsun ganyensa masu tsini ne, ƙwallonsa yana ɗaukar shekara biyu, kuma ya fi bauri sosai. Baurin nan irin na bagaruwa ne, shi ya sa a zamanin da mutane suka riƙa jimar fata da ɓawonsa. Na ɗauki wannan a matsayin abin da zai fi burge ku, ku da kuka zauna kusa da majema.

Bic ba ya ɓoyuwa, domin jikinsa sumul ne launin toka, tohonsa dogo mai tsini kamar kan mashi. Hikori kuma akwai irinsa da ɓawonsa yake ɗagowa dogo-dogo kamar tsohuwar jinka da iska ta yaye, kwasfar ƙwallonsa tana tsagewa gida huɗu. Da shi da ok muke gasa naman layya, saboda garwashinsu yana daɗewa kamar na ƙirya.

Walnat ya koya mana darasi a shekararmu ta farko. Maiɗakina ta tsinci 'ya'yansa a bayan gida, kore shar kamar lemun tsami har da ɗan ƙamshi, ta zauna ta ɓare su da hannu. Kafin magariba tafin hannunta da faratanta sun rine sun fi na amaryar da ta kwana da lalle baƙi, kuma sai da aka yi makonni kafin ya fita. Ganyensa jere ne na ƙananan ganyaye 15 zuwa 23 a kara ɗaya, ƙwallonsa ana ci, amma tumatir ba ya rayuwa a ƙarƙashinsa, don saiwarsa tana fitar da wani sinadari mai kashe shi.

Akwai abin da muke gaya wa duk wanda ya zo sabo, kuma ba ma wasa da shi. Kada ya ga ɓawo ya yi kama da na maɗaci ko marke ya sassaƙa ya jiƙa ya sha, domin kama da wane ba ta wane. Ƙwallon bakai ja ne mai sheƙi, yana jan ido kamar goro, amma guba ne ga mutum da dabba. Haka nan ba ma sarar itace a daji ba da izini ba, ba ma kuma ɗaukar itacen wuta daga wani yanki mai nisa zuwa wani. Dalili shi ne wani koren ƙwaro da aka fara ganowa a jihar Mishigan a shekarar 2002, wanda tsutsarsa take cin ƙarƙashin ɓawon ash, ya kashe miliyoyinsu, kuma a cikin itacen wuta ya fi samun hanyar tafiya.

Game da sana'arku, farin ok yana da nauyi da taurin da zai yi turmi, ko da yake ban ga mai sassaƙa shi a nan ba, namu daga gida ake kawo mana. Ga allo kuwa mafal ya fi, wato itacen da ganyensa yake kan tutar Kanada, wanda ake tatsar ruwansa a ƙarshen hunturu a dafa lita kusan 40 kafin a samu lita ɗaya mai kauri kamar zuma. Katakonsa fari ne mai santsi, tawada tana zama a kansa, ba kamar jan ok ba mai ƙofofi a jiki. Da shi na yanka wa yaran nan alluna biyu, sai dai kan allon bai fito yadda kuke fitar da shi ba. Ina roƙon ku sa a ɗauko mini hoton ɗaya daga cikin naku, gaba da baya, tare da awon tsawo da faɗi, domin in gyara kafin su kai izu na gaba.