Iska ta cika shira'i amma jirgi ya ƙi gaba

Yarona naga saƙonka. Kace jiya ka tashi daga Mai Wurno zaka yi sama wajen Singa a kogin Baharul Azrak, wato Shuɗin Nilu na Sudan, ka ɗaga shira'i, zanen da iska ke tura jirgin ruwa da shi, ya cika tam da iska, ruwa na fashewa a hancin jirgi kamar ana gudu, amma kusan rabin awa kana daura da bagaruwa ɗaya, har kana tambaya ko jirgin ne yake da matsala. Toh jirgin lafiyarsa ƙalau, ni na ɗaura masa daffa, abin juya akalar jirgi, da hannuna. Kai ne ka shiga tsakiyar ruwa.

Ruwan da kake gani yana wucewa ta gefenka ruɗinka yake yi, domin shi ma tafiya yake zuwa Hartum. A ce iska na turaka kilomita 5 a awa, kogi kuma na janka baya kilomita 4, kaga 1 kacal ka ci, in iskar ta ɗan lafa ma baya zaka riƙa yi kana murna wai kana tafiya. Shi yasa tun ranar farko nake ce maka ka daina kallon ruwa, ka kalli gaɓa, ka kama bishiya ɗaya da wani abu a bayanta, in suna rabuwa kana motsi, ko gaba ko baya, in sun manne wuri ɗaya to kana nan inda kake.

Tsakiyar Baharul Azrak nan ƙarfin yake. Ka raɓi gaɓa, kuma ba kowace gaɓa ba. Duk inda kogi ya yi kwana, ɓangaren waje inda zaka ga ƙasa ta zaizaye ta tsaya kamar bango, saiwoyi a waje, nan ne zurfi nan ne gudu, kar ka kuskura ka bi ta nan. Ɓangaren ciki mai rairayi ruwansa sanyin jiki gareshi, wani lokacin ma zaka ga kara ko kumfa na juyawa yana komawa sama, wlh in ka samu irin wannan kyauta ce, shiga kawai. Sai dai ba zurfi, saboda haka gora na hannunka kana taɓa ƙasa, kar ka kafe a yashi mutanen gona su yi ta maka dariya, nima an min lokacin ina kamarka. In kwanar ta ƙare ta juya ɗaya gefen dole ka tsallaka, ka sa hancin jirgi ya kalli sama da inda kake nufi sosai, ruwa zai sauke ka daidai wajen.

Wahalar ita ce in ka matsa gaɓa da yawa bishiyoyi su tare maka iska, shira'i ya yi laƙwas. Shi yasa ake masa tsawo, samansa ya kamo iskar dake wucewa ta kan bagaruwa. Tazarar da ta dace babu mai auna maka da mita, hannunka a kan igiya zai gaya maka.

Sannan lokaci. Da sanyi iskar arewa ce, kogi na gangarawa arewa ita tana hurawa kudu, sai ta kai ka sama ruwa ya dawo da kai kyauta, kuma kusa da madatsar Sinnar, wadda aka gama tun 1925, ruwan kwance yake. Amma a Agusta da ruwan Habasha ya sauko jawur da laka da kututture, iska kuma ta koma daga kudu, su biyu sun haɗe maka kai, ko ni bana ɗaga shira'i, igiya muke ja ta gaɓa ko mu haƙura.

Jibi bayan Asuba ka zo da gorarka mu je kwanar nan tare, kai zaka riƙe daffa.