Agogon tsohuwar mota na iya shanye batir, amma a gwada kafin a cire shi

Ɗan'uwa, ka ce motarka ta 1968 in ta kwana uku a ajiye sai ka tarar batir ya mutu, kuma agogon gaban mota kake zargi. Na sha fama da wannan a tawa, kuma zarginka yana da tushe.

Agogon wancan zamani sifirin ne ke tafiyar da shi. Duk bayan minti biyu ko uku wasu ƙarafa biyu sukan haɗu, wuta ta shiga koyil (naɗaɗɗiyar waya da ke zama maganaɗisu), ya ɗaure sifirin, ya raba su. Wannan "ƙas" da kake ji jefi-jefi ke nan. Lafiyayyen agogo ba ya cin wutar a-zo-a-gani. Matsalar tana farawa ne idan batir ya yi sanyi ko ƙarafan sun yi datti: koyil ya kasa raba su, su manne, wuta ta yi ta zuba dare da rana har koyil ya ƙone. Nawa haka ya yi, na buɗe na ji ƙauri. Wasu agogunan kamfanonin Kienzle da VDO suna da ɗan fis na dalma a ciki saboda hakan.

Kashe mota, rufe ƙofofi, cire kan batir na negatif, ka sa mitar gwajin wuta tsakanin wayar da ka cire da batir a ma'aunin amp 10. Kada ka tayar da inji a haka, mitar za ta ƙone. Tsohuwar mota marar kwamfuta 'yan miliamp kaɗan (miliamp 1000 ne amp 1) ya kamata ta nuna, ta ɗan yi tsalle lokacin da agogo ya ɗaura. In ka ga amp 1 a tsaye, batir mai 50Ah ba zai wuce kwana biyu ba. Sai ka zare wayar agogon ita kaɗai, ba fis ba, don fis ɗinsa kan haɗa da fitilar ciki.

In lambar ba ta sauka ba, agogo ba shi da laifi. Duba fitilar but, sannan altaneta, don diyod ɗinta, mai hana wuta komawa baya, kan yi yoyo.

In agogon ne, goge ƙarafan, ka sa masa fis na amp 1 ko 2. Ni dai na bar nawa na asali, ban mayar da shi kwaz (agogon zamani marar sifirin) ba, don ina son jin ƙarar nan. In zan ajiye motar fiye da mako biyu, cire kan batir nake yi.