Muryar Injiniya kan takalmin da ake cewa yana cajin waya

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawu, barka da yamma, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Na ga bidiyon da ka turo, na mutumin nan da yake taka takalmi fitilu suna kamawa, yana cewa in kana tafiya wayarka za ta yi caji, ka ce in duba ko gaskiya ne kafin ka sa a sayo maka. To, rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya.

Fitilun nan da ka gani suna kamawa ba siddabaru ba ne, gaskiya ne. Maganar cajin waya ce ba ta tsaya ba.

Abin da ke cikin takalmin kowa a nan ya san shi, sai dai ba a ɗauke shi wuta ba. Lokacin hunturu, ka cire rigar sanyi ta nailan cikin duhu, ka ji tas-tas har ka ga ɗan tartsatsi, ko ka sauko daga mota ka taɓa ƙofa ta fizge ka. To shi ne. In abu biyu mabambanta suka haɗu suka rabu, ɗaya yakan ƙwace wa ɗaya ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron. Fatar mutum, gashi, ulu, nailan, waɗannan masu bayarwa ne. Shi kuwa Teflon, wanda ake shafe tukunyar da abinci ba ya kamawa da shi, da robar silikon, su masu karɓa ne. Girkawa sun lura da haka tun wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, suna goga busasshen ƙaro yana jan tsinke da gashin tsuntsu.

Sabon abin shi ne yadda za a tara wutar a yi aiki da ita. A 2012 ne wani farfesa ɗan asalin Sin, Zhong Lin Wang, da ɗalibansa a jami'ar Georgia Tech ta Amurka suka fito da na'urar. Falle biyu ne na leda iri daban-daban, kowanne an shafa masa ƙarfe siriri a baya, an jona wayar wuta. Ka danna su haɗu, ka saki su rabu, wuta ta bi wayar wutar ta wuce. Ka sake dannawa ta dawo. Ba maganaɗisu, ba naɗin wayar jan ƙarfe irin na janareta, shi ya sa ba ta da nauyi, tana lanƙwasuwa, ana iya saka ta cikin tafin takalmi ko a saƙa ta cikin yadi.

To ina matsalar take? Kawu, nan ne masu talla ke cin kasuwarsu. Na'urar tana ba da bolt, wato ƙarfin da ke tura wuta, mai yawa, ɗari, ɗari biyu, har fiye, kusan lambar da ke soket ɗin gida. Amma yawan wutar da ke gudana ƙanƙane ne ƙwarai, kuma a ɗan ƙiftawar ido take zuwa, a kowane taku. Kamar tankin ruwa ne da aka ɗora a saman bene mai tsawo, amma ruwan da ke ciki bai wuce cokali ba: zai sauko da ƙarfi, sai dai ba zai cika maka buta ba. Ƙananan fitilun LED ɗan wannan ya ishe su su yi walƙiya, shi ya sa kullum su ake nunawa a bidiyo. Ba za ka ga an nuna batirin waya yana hawa daga kashi 10 zuwa 50 ba.

Mu yi lissafi. Wayar da batirinta ke 5000 mAh tana ɗaukar wajen wat 19 na awa guda. Mu ɗauka takalmin yana ba da miliwat 10 ba yankewa (miliwat dubu ne wat ɗaya), kuma na yi masa adalci sosai da wannan lambar. Awa 1,900 ke nan, kusan kwana 79 kana tafiya dare da rana, ba barci ba salla, kafin wayar ta cika sau ɗaya. Ban ma cire abin da ke ɓacewa wajen sauya wutar ta dace da batir ba, kuma asarar nan ba kaɗan ba ce.

Sannan ga laima. Wannan wuta bushewa take so, shi ya sa da damina ba ka jin fizgar nan ta ƙofar mota. Cikin takalmi kuwa zufa ce, ga ƙura, ga gogayya da ke cinye ledar.

Masu neman wuta ta kirki daga jikin mutum wata hanya suka bi. A 2008 masu bincike a jami'ar Simon Fraser ta Kanada sun yi abin ɗaurawa a gwiwa mai ƙaramin janareta na maganaɗisu, da aka ɗaura ɗaya a kowace ƙafa ya ba da wajen wat 5. Wannan zai yi caji, amma ƙarfe ne za ka ɗaura a ƙafa kana yawo da shi, ban ga Kawu da babbar riga yana shiga ɗaurin aure da wannan ba.

Kada dai a ce na raina binciken, ko kusa. Inda yake da amfani shi ne ƙananan na'urori masu cin wuta kaɗan: mai ƙirga taku, mai auna numfashi, tabarmar da za ta sanar in tsoho ya faɗi a ɗaki. A irin wannan, ita ledar da kanta ce ke jin motsin, kuma ita ce ke ba da wutar saƙon. A 2019 wasu masu bincike a Beijing sun dasa irinta a jikin alade, bugun zuciyarsa ya samar da wutar da ta tafiyar da na'urar daidaita bugun zuciya. Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya ta yau da kullum, sai an sake yi masa tiyata in batirin ya ƙare bayan wasu shekaru, ka ga in wannan ya kai ga mutane ba ƙaramin abu ba ne.

Don haka Kawu, ka riƙe kuɗinka. In cajin ne damuwar saboda rashin wuta, ƙaramin faifan sola mai wat 10 ya ninka lissafin da na yi wa takalmin nan sau dubu, kuma yana nan a kasuwa. In mai takalmin ya matsa, a tambaye shi miliwat nawa yake bayarwa, kada a yarda ya amsa da bolt. A gaishe da Hajiya da yara, sai na shigo ranar Juma'a in Allah ya kai mu.