Na sa Linux, Wi-Fi ya ɓace: katin ne ya ƙone?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi laptop ɗin HP na hannu, na cire Windows na sa Linux Mint, sai Wi-Fi ya ɓace ɓat, ko alamarsa babu. Mai gyara ya ce katin Wi-Fi ɗin da ke cikinta ya ƙone, kuma wai HP ba ta shiri da Linux, in sayi na'urar Wi-Fi ta TP-Link da ake jonawa ta USB. A kanta nake rubuta aikin kammala karatuna, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Katin da ya yi aiki jiya a Windows da wuya ya ƙone yau don kawai an sauya tsarin da ke tafiyar da shi.

Jona wayarka da laptop ɗin ta kebul, ka kunna raba intanet ta USB don ta samu intanet kafin a gyara. Buɗe terminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta rfkill list, don a tabbata ba maɓalli ne ya rufe Wi-Fi ɗin ba. Sannan lspci -nnk | grep -iA3 net. A layin katin Wi-Fi ɗin za ka ga lamba mai siffar [xxxx:xxxx]; huɗun farkonta su ne asalin mai katin: 8086 Intel, 14e4 Broadcom, 10ec Realtek, 168c Atheros, 14c3 MediaTek. Idan Broadcom ne irin BCM43142, shiga Driver Manager ka sa direban da ya nuna maka, wato manhajar da ke tafiyar da katin. In Secure Boot, tsaron da ke hana direban da ba a amince da shi ba tashi, na kunne, sai ka yi rajistar makullin MOK, wato shaidar amincewa da direban, a shuɗin allon da zai fito bayan sake kunnawa, in ba haka ba direban ba zai tashi ba. Idan Realtek RTL8723BE ne yana kamawa da rauni, sa layin options rtl8723be ant_sel=2 a fayil cikin /etc/modprobe.d, in bai yi ba gwada 1.

Maganar mai gyaran nan ita ke ci mini rai, don kullum ana jin ta. Linux bai san HP ba, bai san Dell ba, bai san TP-Link ba. Chipset, wato ƙwaƙwalwar da ke kan katin, ya sani. HP guda biyu masu suna ɗaya, ɗaya na iya zuwa da Intel ya kama nan take, ɗayan da Realtek ya yi ta wahalar da kai. Haka na USB. TP-Link TL-WN722N ɗin da ake ta yabo a bidiyoyi, zubin farko ne mai ɗauke da Atheros AR9271. Zubi na 2 da na 3 Realtek RTL8188EUS ne a ciki, kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya. Mutum ya kashe kuɗinsa, ya koma gida, ya shiga kwafo umarnin da bai fahimta ba yana bugawa da sudo, wato da cikakken iko a kan na'urar, direban ya yi aiki mako biyu, kernel, wato ƙashin bayan Linux, ya sabunta, komai ya sake rushewa. Daga nan a ce masa uwar allon ce ta lalace. Duk mai gyaran da ya yanke wa kati hukunci bai duba lambarsa ba, canki-canki yake yi da aljihunka. Dubawar ba ta kai minti ɗaya ba, kuma kyauta ce.

In har sauyawa ta kama, nemi Intel AX200, mai aiki tun kernel 5.1, ko AX210 tun 5.10. Kada ka karɓi AX201 ko AX211 don kamar suna: wani ɓangarensu yana cikin masarrafar Intel ne, ba sa aiki a AMD ko tsohuwar na'ura. Cire batir, buɗe ka duba ramin tukuna, M.2 ne ko tsohon mini PCIe, domin bakin wayar eriyarsu ma ba girma ɗaya ba ne. Wasu tsofaffin HP da ThinkPad kuma BIOS ɗinsu, wato manhajar da ke fara tayar da na'urar, na ƙin baƙon kati, HP da kuskure 104, Lenovo da 1802. Ga irin waɗannan, nemi lambar katin da littafin gyaran samfurinka ya amince da shi, kada ka bari a yi wa BIOS ɗin kutse.