Zauren WhatsApp Ɗinmu Ya Koma Dandalin Hira

Tambaya: Anti, mu takwas malami ya haɗa a aikin bincike, ni ce shugaba. Na buɗe mana zaure a WhatsApp, amma ban da gaisuwar Juma'a da bidiyon barkwanci ba abin da ake turowa. Saura mako uku, mu biyu kaɗai ke wahala. Yaya zan yi?
Ɗaliba, daga Katsina

Amsa: Ƙanwata, daina rubuta "jama'a a taimaka". Kowa zai ɗauka da wani kike. Ambaci suna, aiki da rana: wance ta kawo gabatarwa ran Talata, wane ya raba takardun tambayoyi kafin Alhamis. Ki maƙala saƙon a saman zauren don kada hira ta binne shi.

Sannan ku riƙa haɗuwa ido da ido, ko na minti ashirin bayan lacca. Na yi shugabancin kwamitin bikin ƙanwata, na ga yadda mai share saƙo yake sunkuyar da kai idan aka tambaye shi a gaban mutane.

Wanda ya yi shiru, kira shi a gefe tukuna. Wani kuɗin data ne ba shi da shi. In ya ci gaba da zillewa, sanar da malami tun yanzu, kada ki bari sai ranar miƙa aiki.