Abin da ke faruwa a bakin nozul kafin man gas ya kama wuta

Ɗan'uwa, ka ce babbar motarka mai bin hanyar Garwa zuwa Marwa tana tuttular da baƙin hayaƙi, makaniki ya ce nozul ce, wato bakin injekta mai ƙananan ramuka da ke fesa mai cikin injin, kana tambaya ina ruwan nozul da hayaƙi.

Injin gas ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har zafinta ya haura digiri 500, sai injekta ta fesa mai a ciki ya kama da kansa. Amma mai ba ya ci sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Shi ya sa ramukan nozul suke ƙanana ƙwarai, kimanin milimita 0.1 zuwa 0.2, a sababbin injuna kuma matsin man yakan kai 2,000 a ma'aunin matsi na bar.

Tun cikin ramin man ke hargitsewa, matsi ya faɗi a bakin shiga, ƙananan kumfa su taso su fashe. Da fitowarsa sai ya yage zare-zare, ya tsinke ɗigo-ɗigo. Iskar da aka matse tana da kauri, ita ke sake farfasa ɗigon har ya koma kamar hazo, ya ƙafe nan take.

To idan ramin ya cinye ko allurar da ke buɗe shi da rufe shi a cikin nozul ba ta rufewa daidai, ɗigon kan fito manya-manya. Ba sa samun isasshiyar iska, su ƙone rabi, sauran ya zama kunkunniyar da kake gani.

Don Allah a cire nozul ɗin a gwada a na'urar gwaji, a ga yadda take feshi. Kada ka sa hannu a gabanta, man yana huda fata. Ka kuma canza filta, domin ƙura da ruwan da ke cikin man jarka su ne ke cin ramukan.