Ga ɗan'uwan da aka tsallake a ƙarin girma

Ɗan'uwa, sannu da haƙuri. Ka ce sau biyu ke nan ana tsallake ka a ƙarin girma a ofishinku na Birnin Kebbi, har kana tambaya ko Ubangiji ya juya maka baya ne. Ni takardar sallama ma aka miƙo mini, ran wata Jumma'a da yamma. Na tattara komatsaina na koma Zuru, na ɗauki fartanyar da na daɗe ina rainawa.

Rashin albashi ya yi ciwo, amma ran Lahadi ya fi. Sai in raɓe a bencin baya na majami'a, ana tashi in sulale, don kada wani ya ce "yaya aiki?" A bencin nan na gane ashe kujerar ofis nake dogara da ita, Yesu kuwa sai dai a baki.

Ka duba Farawa 40 da 41. Yusufu ya fassara wa mai shayar da Fir'auna mafarki, ya roƙe shi ya tuna da shi, mutumin ya fita daga kurkuku ya manta har shekara 2 cur. Masu ce maka ka yi murna kawai sun yi garaje. Dawuda kansa sau 4 ya tambayi Allah har yaushe a Zabura 13.

Amma fa kada ka fake da addu'a ka bar hakkinka. Rubuta takardar koke ta hannun shugaban sashenku, ka riƙe kwafi. Wanda aka ba kujerar kuma, ka gaishe shi gobe da safe. Ni sai da na yi wata 3 kafin bakina ya iya sa wa wanda ya sallame ni albarka.